Saura Kwana Bakwai, Yanis Bai Sa Hannu Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryar, takunkumi ne a bakina, ga kuma iskar da ke tasowa daga tafkin Mishigan, yau ba ta da mutunci ko kaɗan. Duk mai yi min kurin sanyin Jos, Allah ya kawo shi nan ya kwana biyu. Yau Litinin, 14 ga Disamba, 2020, ina tsakiyar Milwoki a jihar Wisconsin. Bari in juya kyamarar. Kun ga ginin nan mai lanƙwasasshen rufi? Shi ne Fiserv Forum, gidan Bucks, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin nan, a 2018 aka buɗe shi. Filin da nake tsaye a kai, bara ranar wasa ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Yau daga ni sai tantabaru. An jima da daddare za a buga wasan gwaji da Dallas a ciki, amma korona ta hana 'yan kallo shiga.

Abin da ya fito da ni cikin sanyin nan mutum ɗaya ne. A rubuce Giannis Antetokounmpo, a baki Yanis, tauraron ɗan wasan Bucks, iyayensa 'yan Najeriya ne. Sunan gidansu na asali Adetokunbo, wajen mayar da shi haruffan Girka ne ya koma haka. Kwantiraginsa na dala miliyan 100 da ya sa wa hannu a 2016 zai ƙare ƙarshen kakar nan. Ƙungiya ta ajiye masa sabuwar takarda: shekara 5, dala miliyan 228. Yana da daga nan zuwa 21 ga wata, washegari a fara kaka. In bai sa hannu ba, an rufe maganar sai bazara, lokacin ya zama mai cin gashin kansa, duk wanda ya taya ya ga dama ya bi shi. Mako uku ke nan garin nan ba shi da wata hira. Shagon aski ita ce, rediyon mota ita ce, har wurin aikinmu wata dattijuwa da ban taɓa jin ta yi zancen wasa ba ta tare ni, wai tunda ɗan ƙasarmu ne in faɗa mata gaskiya, zai zauna? Na ce Baba, ni daga Kano nake, shi ko a Atens aka haife shi, ko lambarsa ba ni da ita.

Jiya na yi waya da Kawu, na ba shi labari. Ya ce nawa ne a kuɗinmu? Na ce in aka bi farashin 'yan canji, ya haura naira biliyan 100. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce: "To ɗan nan, shi yaron uban me yake jira?" Na san da yawanku tambayar ke nan, don haka bari in shiga mota in kunna hita mu zauna a kanta.

Yauwa, alhamdu lillahi, yatsuna sun fara dawowa. Farko ku cire ƙwallon ƙafa daga ranku. Kun tuna watan Agusta da Messi ya aika wa Barcelona takarda yana son tafiya, aka yi ta maganar yuro miliyan 700? A NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi haka. Ko dai a yi musaya, ka ba ni mutum in ba ka mutane da damar zaɓen sababbin yara, ko a jira kwantiragi ya ƙare ya tafi a kyauta. Sannan kowace ƙungiya akwai iyakar albashin da aka yanka mata, bana dala miliyan 109 da 'yan kai. Ba kamar Turai ba ne da attajiri zai zo da buhu ya kwashe kowa.

Ita wannan takarda da ake kira sufamaks, a 2017 aka ƙirƙiro ta, bayan Kevin Durant ya bar Oklahoma ya koma Golden State a 2016, Oklahoma ba ta samu ko sisi ba. Aka ce bari a ba ƙungiyar da ta reni yaro wani abin riƙe shi. Ita kaɗai za ta iya ba shi kashi 35 cikin 100 na iyakar albashi, shekara 5, da ƙarin kashi 8 duk shekara. Baƙuwar ƙungiya ba za ta wuce kashi 30 ba, shekara 4, ƙarin kashi 5. Ga Yanis, wannan ya kama wajen dala miliyan 145 a waje, 228 a gida. Ba kowa ake ba ita ba, sai ka cika sharuɗɗa, shi kuma ya cika har ya zube: gwarzon kaka a 2019, ya maimaita a 2020, ya haɗa da gwarzon mai tsaron baya a shekara ɗaya. Kafin shi Michael Jordan da Hakeem Olajuwon ne kawai suka taɓa haɗa biyun a kaka guda.

To me yake jira? Kofi. A nan ƙasar in ba ka da zoben zakara, wanda ake ba waɗanda suka ci kofi, duk abin da ka yi za a ce "amma". A 2019 Bucks sun ci Toronto wasa biyu a jere a wasan ƙarshe na shiyyar Gabas, matakin da ke gaban na kofi, kowa ya fara ɗinkin rigar biki, sai Toronto ta ci huɗu a jere. Bana sun fi kowa yawan nasara a kaka, aka killace su a Orlando saboda cutar nan, Mayami ta fitar da su 4 da 1, wasan ƙarshe ma yana zaune a benci da targaɗe a idon sawu. Abin haushi, ƙaninsa Kostas, wanda da ƙyar yake taɓa ƙwallo a Lakers, shi ya dawo gida da zobe a watan Oktoba. Ku da kuke da ƙanne kun san yadda wannan hirar take a kan tabarma.

Mutanen garin nan kuma wanda maciji ya sara ne, ko tsumma suka gani sai su zabura. Kofi ɗaya tak suka taɓa ci, a 1971, da Kareem Abdul-Jabbar da Oscar Robertson. Shekara huɗu bayan nan Kareem ya ce garin bai dace da shi ba, aka miƙa shi Los Angeles a 1975, ya je can ya ƙara biyar. Tsofaffin nan har gobe ba su huce ba. Sun kuma ga abin da ya sami Cleveland da LeBron ya tafi a 2010, da New Orleans da Anthony Davis ya ƙi irin wannan takardar ya tilasta aka kai shi Lakers bara. Shi ya sa a watan Satumba da Yanis ya daina bin abokan wasansa a Instagram, sai ka ce an yi rasuwa. Ranar 6 ga watan nan ya cika shekara 26, kun san abin da abokan wasan suka ba shi? Alƙaluma. Kowa ya shigo sai ya miƙa masa biro. Ya yi dariya, ya karɓa, takarda dai tana nan fara fat.

Ƙungiyar ta yi nata ƙoƙarin, ban ce ba. Watan jiya sun kawo Jrue Holiday, suka ba da Eric Bledsoe da George Hill da damar zaɓen sababbin yara a zagayen farko har uku. Wato sun jinginar da gonar 'ya'yansu don su burge mutum ɗaya, ba tare da ya yi musu alkawari a fili ba. Sai kuma suka yi abin kunya: labari ya fita sun gama ɗauko Bogdan Bogdanovic daga Sacramento tun kafin a buɗe kasuwa, cinikin ya wargaje, hukumar NBA ta fara bincike, mutumin ya tafi Atlanta. An ɗaura aure ango bai sani ba, ka ji irinta.

Bari in tada mota, akwai wanda nake so ku ji ra'ayinsa, ko da yake ya ce kada in nuna fuskarsa. Abokina ne Bazazzage, tare muke haya. Shi ya riga ya yanke hukunci: Yanis Toronto zai tafi. Hujjarsa Masai Ujiri, shugaban Raptors, ƙungiyar Toronto, wanda a Zariya ya tashi, can ya fara jefa ƙwallo a kwando. Wannan gaskiya ne, ba ƙari, kuma shi ya kai kofi Kanada a 2019. Abokina in ya fara zancen Masai sai ka ɗauka gida ɗaya suka fito a Tudun Wada. Yana cewa ka duba yadda suka bar Serge Ibaka da Marc Gasol suka tafi, ruwa ba ya tsami banza, wuri suke sharewa. Na ce Malam, kai ba lissafi kake ba, kishin gari kake. Ƙungiyar da bana ko gidanta ba za ta kwana ba, an mayar da ita Tampa saboda rufe iyaka?

Wasu na cewa Dallas, ya haɗu da Luka Doncic, ga Texas ba ta karɓar harajin jiha a kan albashi, nan ko Wisconsin manya na biyan kusan kashi 8. Wasu Golden State. Wadda aka fi tsoro da farko Mayami ce, amma a ƙarshen Nuwamba suka ba Bam Adebayo, shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, sabon kwantiragi mai tsoka, abin da ya cinye musu wurin da suke ajiya. Kuma wakilin Bam da na Yanis mutum ɗaya ne, Alex Saratsis. Masu karatun alamu suka ce Mayami ta ji wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ita ce kaɗai jita-jitar da na ɗan ba muhimmanci.

Yanzu ga nawa, kuma ba daga rediyo na ɗauko ba. Ni na ce zai sa hannu kafin Litinin mai zuwa.

Dalilin da kowa zai kawo shi ne ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Isaiah Thomas yana jiran manyan kuɗi a Boston, ƙugu ya ci amanarsa a 2017, ya ƙare da wajen dala miliyan 2 a Denver. DeMarcus Cousins jijiyar dunduniya ta tsinke masa a Janairun 2018, ya koma karɓar miliyan 5 da 'yan kai. Amma in faɗi gaskiya, wannan hujjar ba ta kama Yanis sosai ba. Durant ya tsinke jijiya iri ɗaya a 2019, Brooklyn ta ba shi miliyan 164 yana dogara sanda. Mai girman Yanis ko ya karye za a biya. Kuma takardar nan ta 228, Bucks za su iya sake ajiye masa ita a bazara. Jira ba zai rage masa ko kwabo ba. A lissafin 'yan kasuwa, jiran ma ya fi, don ya riƙe wuyan shugabanni su ci gaba da kashe kuɗi.

Ni abin da nake kallo daban ne. Iyayensa, Charles da Veronica, sun bar Legas a 1991. An haife shi a Girka a 1994, ya tashi a unguwar Sepolia yana tallar agogo da tabarau a titi shi da yayansa Thanasis, takalmin wasa ɗaya suke karɓa-karɓa. Har ya kai shekara 18 ba shi da takardar kowace ƙasa, Girka ba ta ba shi ba, ta Najeriya ba shi da ita. Sai a watan Mayun 2013, makonni kafin Bucks su zaɓe shi a lamba 15 a zaɓen sababbin yara, aka ba shi fasfo. Ku da kuke gida ƙila ku ji wannan a matsayin labari. Mu da muke nan mun san ɗanɗanonsa. Ni shekara uku na yi ina jiran wata takarda, kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙa kafin in cire takalmi. Ranar da ta zo, na zauna a matakala na karanta ta sau huɗu. Ban tambayi kowa ko akwai wadda ta fi ta a wani gari ba.

Mutumin da ya sha wannan, a kawo masa takarda da sunansa a kai, an ce zauna nan shekara biyar, kai ne mai gidan, ba na jin zai yi wasa da ita kamar yaron da aka haifa da fasfo a aljihu. Kuma ku duba abin da ya tara a garin. Nan ya kawo iyayensa da ƙannensa. Nan mahaifinsa ya rasu a 2017. Nan ƙaramin su ya yi sakandare. Thanasis na cikin ƙungiyar tun bara. A watan Fabrairu aka haifa masa ɗa. Akwai labarin da kowa a nan ya haddace, cewa a shekararsa ta farko ya tura wa iyayensa kuɗin hannunsa kaf, ya rasa na tasi, ya kama gudu zuwa filin wasa cikin sanyi har wasu mata da miji suka gane shi suka rage masa hanya. Titunan da nake bi yanzu ke nan. Ga mai kallo daga Los Angeles, Milwoki ƙauye ne mai dusar ƙanƙara. Gare shi, nan ne wuri na farko da ba wanda ya tare shi ya ce ina takardunka.

Abokina ya ce wannan tatsuniya ce, tausayi ba ya cin kofi. Na ce to ai sa hannun ma ba kurkuku ba ne. Ga James Harden can a Houston, da sauran shekaru a kwantiraginsa, ya ƙi zuwa atisaye a kan lokaci, yana neman a sallame shi, kuma kowa ya san ƙarshe za a yi. Idan nan da shekara biyu uku Bucks suka kasa, Yanis zai iya ɗaga waya, kuma a lokacin ƙungiyar za ta sami abin kirki a madadinsa, ba ta tashi hannu rabbana ba. Wanda zai kwana da fargaba bayan sa hannun shi ne koci Mike Budenholzer, don shi ba a ajiye masa shekara biyar ba.

Mun dai yi alkawari da Bazazzagen nan, kuma kafin malaman cikinku su cika min wurin sharhi, ba caca ba ce, ciyayya ce. In har 21 ga wata ta wuce bai sa hannu ba, zan tuƙa tuwo in kaɗa miya da ragowar kukar da Hajiya ta aiko min, wadda nake ɓoyewa a bayan kwalin shayi tun watan azumi. In ya sa, shi zai fito da daddawarsa da yajin da yake rantsuwa ya ƙare. Na san inda yake ajiye shi. Ga shi can ma a taga yana leƙe, ya ga kyamara ya saki labule. Ƙarfe uku zan shiga aiki, bari in je in ɗumama ruwa. Sai na dawo.