Ina Sauran Taran?

Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu maza da mata, Baba Fasto, 'yan'uwana cikin Almasihu, da yaranmu da ke zaune can baya, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu. Sannunku da zuwa. Na san wasunku daga aikin dare suka wuto nan, ko runtsawa ba su yi ba. Allah ya saka da alheri.

Da aka ce in yi magana a kan godiya, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne yadda harshenmu ya cika da ita. Ka ce wa mutum ina aiki, ya ce da godiya. Ka ce yaya jiki, ya ce mun gode Allah. Wannan gado ne mai kyau, ina kuma roƙo mu koya wa 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Sai dai kalmar da baki ya saba da ita takan fita ba ta bi ta zuciya ba. Ni ne shaida, kuma zan gaya muku yadda aka yi.

Mu fara buɗe Luka sura 17, daga aya 11. Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, yana bi ta tsakanin Samariya da Galili, sai kutare goma suka tsaya daga nesa suna ɗaga murya suna neman jinƙai. Dole ce ta sa suka tsaya daga nesa, domin Littafin Firistoci sura 13 ya ce mai wannan cuta ya zauna shi kaɗai a bayan zango, yana sanar da mutane cewa shi marar tsarki ne. Yesu ya ce su je su nuna kansu ga firistoci. Suna cikin tafiya suka warke. Mutum ɗaya ya juyo yana yabon Allah da babbar murya, ya faɗi a gaban Yesu yana godiya. Basamariye ne. Sai Yesu ya tambaya, ba goma aka tsarkake ba? Ina sauran taran? Ba wanda ya komo ya girmama Allah sai wannan baƙo?

Baƙo fa. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai in tuna da mu, da muke zaune a ƙasar da ba tamu ba.

Na daɗe ina ganin laifin taran nan, amma yanzu ina jin tausayinsu. Abin da aka ce su yi shi suka tafi yi. Bisa ga Littafin Firistoci sura 14, sai firist ya duba mutum, an yi tsarkakewa, an jira kwana bakwai, an miƙa hadaya a rana ta takwas, kafin ya koma cikin jama'a sosai. Mutumin da ya yi shekaru bai rungumi ɗansa ba, wa zai ga laifinsa don ya yi sauri? Ba na jin mugunta ce ta hana su komowa. Albarkar ce ta zo da hidimarta, hidimar kuma ta ɗauke musu hankali.

Haka ta faru da ni. Na yi wata da watanni ina jiran takardar izinin zama. Waɗanda suka bi ta wannan hanya sun san yadda take: ka dawo daga aiki, kafin ka cire takalmi ka buɗe akwatin wasiƙa, ka ga babu komai, ka rufe. Na yi azumi. Ba wanda ban ce ya sa ni a addu'a ba. Ranar da ambulan ɗin ya iso, a tsaye na yage shi a bakin ƙofa, hannuna yana rawa. Na kira matata, na kira 'yan'uwa, na kira abokai, kowa ya ce mun gode Allah, ni ma na ce mun gode Allah. Washegari na shiga neman aikin da ya fi wanda nake yi. Sai a rana ta huɗu, ina cikin jirgin ƙasa, na tuna cewa tun da takardar nan ta zo ban durƙusa ko sau ɗaya ba. Na gaya wa kowa labari, ban da Wanda na yi watanni ina damunsa da roƙo. A tasha ta gaba na sauka, na zauna a kan benci, na yi kuka.

Musa ya hango wannan tun da daɗewa. A Maimaitawar Shari'a sura 8, bayan shekara 40 a jeji, gargaɗin da ya yi wa Isra'ilawa a kan lokacin ƙoshi ne. Ya ce in kun ci kun ƙoshi, kun gina gidaje masu kyau, dukiyarku ta yalwata, ku yi hankali kada ku ce a ranku ƙarfina da ƙoƙarina ne suka samo mini wannan. 'Yan'uwa, mu da muke aikin sa'o'i masu yawa a cikin sanyi, wannan jaraba tana kusa da mu ƙwarai, domin da gaske mun sha wahala. Amma wa ya ba mu lafiyar da muka yi aikin da ita?

Bari in ɗan kauce kaɗan. Akwai wata godiya da nake tsoro, wadda sai mun dubi wanda ya fi mu wahala take zuwa. Bafarisiyen da ke Luka sura 18 shi ma da godiya ya buɗe addu'arsa, ya gode wa Allah don shi ba kamar sauran mutane yake ba. Yesu ya ce mai karɓar harajin nan ne ya koma gida baratacce. In ganin wahalar ɗan'uwanka ya sa ka gode wa Allah, to ya kuma sa ka miƙa masa hannu.

Sai lokacin wuya. A nan zan yi magana a hankali, domin na san akwai masu ɗanyen ciwo a ɗakin nan. Wasu an sallame su daga aiki, wasu suna jinya, wasu kuma wayar tsakar dare ta same su, kamar yadda ta same ni ranar da mahaifiyata ta rasu, ina nesa, ban samu zuwa ba. Mutane suka zo gaisuwa, masu ƙaunata ne, wasu suka ce ka gode wa Allah, ta huta. Gaskiya suka faɗa, amma a ranar kunnena bai iya ɗauka ba.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa hana mu kuka ba. Mukan ambaci maganar Ayuba, cewa Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, albarka ga sunan Ubangiji. Amma kafin ya faɗi haka ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa. 'Ya'ya goma ya rasa a rana ɗaya. A sura ta 3 kuma har ranar da aka haife shi ya la'anta. Zabura ta 88 da duhu ta ƙare, Allah kuma ya bar ta a cikin littafinsa. Ubangijinmu da kansa ya yi hawaye a kan mutuwar Li'azaru, sannan ya ɗaga ido sama ya gode wa Uba, alhali mamacin yana kwance a kabari tukuna. Saboda haka ina roƙonku, in kun je wa mai makoki, kada ku gaggauta shi. Ku zauna da shi, godiyarsa za ta zo a lokacinta.

Bulus, wanda ya rubuta wa Tasalonikawa cewa su yi godiya cikin kowane hali, a wasiƙarsa ta fari, sura 5 aya 18, ya san abin da yake faɗa. An yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare aka ji suna addu'a suna waƙar yabo. Daga Tasalonika ma da dare aka fitar da su saboda tarzoma. A Ayyukan Manzanni sura 27 Bulus yana ɗaure a cikin jirgin ruwa, mutum 276 ne a ciki, hadari ya yi kwana 14 yana kora su a teku. Ya ɗauki gurasa ya yi godiya ga Allah a gabansu duka, ya fara ci, sai hankalinsu ya kwanta suka ci su ma. Jirgin ya farfashe daga baya, amma ba wanda ya mutu. A wasiƙarsa ga Filibiyawa kuwa ya ce koyo ya yi, ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi.

Koyon nan shi ne abin da nake so mu tafi da shi gida. Daniyel ma baƙo ne, an kwaso shi zuwa Babila. Da aka sa dokar hana addu'a, sura 6 aya 10 ta ce ya shiga ɗakinsa ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a yana godiya, kamar yadda ya saba. Bai fara a ranar tashin hankali ba.

Bayan abin da ya same ni a tashar jirgin nan, muka ɗauki wata ƙaramar al'ada a gidana. Kafin barci kowa ya faɗi abu ɗaya, da sunansa, da zai gode wa Allah a kai a wannan rana. Ba a yarda a ce "komai da komai" ba. Wani lokaci yaro ya ce na gode an fasa jarrabawa, mu ce amin. Daren da ya biyo bayan rasuwar mahaifiyata na yi niyyar mu tsallake, domin ba ni da abin faɗa. Sai ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, ba mu yi godiya ba." Na ce ta fara. Ta ce ta gode wa Allah da Kaka ta ji muryarta a waya ranar Lahadi, har ta yi dariya. Na yi shiru mai tsawo. Da aka zo kaina, na ce na gode da shekarun da aka ba ni ita, na gode kuma da ita ce ta fara koya mini addu'a. Ina faɗa ina hawaye, ciwon kuma bai tafi ba a daren.

Ranka ya daɗe Shugaba, ina neman alfarmar minti biyu kafin mu shiga sauran abubuwan da ke gabanmu. Kowa ya juya wurin na kusa da shi, ya faɗa masa abu ɗaya da Allah ya yi masa a wannan shekara, da sunansa. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi ba dole, ya riƙe hannun ɗan'uwansa kawai ya saurara. In mun gama, Baba Fasto, sai ka jagorance mu cikin addu'a.