Sharhi: Rigar Jijiya da Ƙafar Mai Ciwon Suga

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama a layin masu ciwon suga, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko a babban asibitin Daura, ya san koken da ya fi yawa. Wani ya ce tafin ƙafarsa na zafi da dare kamar an zuba barkono. Wata ta ce tururuwa take ji tana mata yawo a yatsu. Wani dattijo kuma takalminsa ne ke saɓulewa a hanyar masallaci, bai sani ba sai yaro ya biyo shi da shi. A gida sai a ce sanyi ne, ko tsufa, ko kuma an taka wani abu. Sharhinmu na yau zai leƙa cikin jijiyar ne, mu ga abin da ke lalacewa a can.

Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da yawansu suna sanye da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa mata wannan suna a 1854. Yadda aka yi ta, kamar naɗin rawani ne: ƙwayar halitta guda ta kama zaren jijiya ta yi ta zagaye shi, naɗi kan naɗi, har ya yi kauri ya matse. Jijiyar da ke da wannan naɗi tana iya kai saƙo da gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa ɗaya, wadda ba ta da shi kuwa da ƙyar take wuce mita 2.

Mafi yawan rigar kitse ne, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 idan an cire ruwa. Ragowar furotin ne, kuma shi ke riƙe naɗin kada ya warware. A ƙwaƙwalwa da laka akwai wani mai suna MBP. Yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar wanda ke jikin kitsen, don haka suna jan juna, naɗin ya manne. To abin lura a nan, jiki ba ya ƙera furotin ya bar shi haka nan. Bayan an gama ƙirarsa ana ci gaba da taɓa shi: a liƙa masa wani sinadari mai suna fosfet, a cire, a ɗora masa wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira metil, wani furotin ɗin ma a rataya masa kitse don ya zauna daram. Wannan duk aikin lafiya ne. Matsala tana zuwa ne idan taɓawar ta yi yawa, ko ta gaza, ko ta zo daga inda ba a gayyace ta ba.

Misalin wadda ta yi yawa shi ne cutar da likitoci ke kira MS, mai lalata rigar jijiya a ƙwaƙwalwa da laka, wadda ta fi addabar Turai da Arewacin Amurka. A jikin MBP akwai wani tubali mai suna ajinin, yana cikin masu ɗauke da cajin nan. Akwai sinadarin da ke juya shi ya koma sitrulin, wanda ba shi da caji ko kaɗan. A kankana aka fara gano sitrulin, amma kada wani ya fasa sayen kankana, shanta ba shi da hannu a wannan lamari. Masu bincike a Toronto ta ƙasar Kanada sun tarar cewa a lafiyayyen baligi kusan kashi 20 cikin 100 na MBP ne ya yi wannan juyi, a masu MS kuwa ya kai kusan 45. Caji ya ragu, riƙo ya yi sako-sako. Har yau masana na muhawara ko juyin ne ke kunna cutar ko cutar ce ke haddasa shi.

Mu namu ya fi kusa da tukunya. Idan suga ya daɗe yana yawo da yawa a cikin jini, yakan manne wa furotin da kansa, ba tare da jiki ya umarce shi ba. Wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa ta suga da furotin tun 1912, ita ce ke sa bayan burodi ya yi ja a tanda. A jikin mutum a hankali take tafiya, shekara da shekaru. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Amurka suka nuna cewa furotin ɗin rigar jijiya na masu ciwon suga ya fi ɗaukar wannan manni, kuma ƙwayoyin jiki masu share datti suna ɗaukar rigar da ta sha suga a matsayin shara su cinye ta. Ga ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar su ma suna toshewa. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara jin jiki, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa ya yi sama. Kusan rabin masu ciwon suga sukan gamu da wannan a rayuwarsu.

Sai taɓawar da ta gaza. Metil ɗin nan da ake ɗora wa furotin, jiki ba ya iya samar da shi yadda ya kamata sai da bitamin B12, kuma ƙarancinsa na lalata rigar jijiya har cikin laka. Mutum ya riƙa tangaɗi, musamman a duhu, bai san inda ƙafarsa take ba. Gero da dawa da masara ba su da B12. A nama yake, da hanta, da kifi, da ƙwai, da madara da nono. Furar da aka dama da ruwa zalla saboda nono ya yi tsada ta cika ciki, amma jijiya ba ta samu rabonta ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba kasafai ake gaya wa marasa lafiya cewa Metformin, maganin sugar da aka fi sha, yana rage B12 idan an daɗe a kansa ba. Magani ne mai kyau, ba a ce kowa ya daina ba. Amma wanda ya shekara da shekaru yana shansa, ƙafa kuma ta fara sagewa, haƙƙinsa ne ya ce: "Likita, a duba min B12." Idan an gano da wuri, allura ko ƙwaya na iya gyara abin. Ɓarnar suga ce ke da wuyar dawowa, galibi sai dai a tsayar da ita inda ta kai.

Gwajin ƙafa a asibiti ba ya cin minti biyar. Ma'aikaciyar jinya za ta ce, "Baba, rufe ido," ta ɗora wani siririn zaren roba a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, ta tambaya ko an ji. Akwai kuma gwajin jini na HbA1c, wanda ke auna sugar da ta manne wa furotin ɗin jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, don haka ƙauracewa shayi da safiyar ranar gwaji ba ya ruɗarsa.

Wanda ƙafarsa ta riga ta sage, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ya zazzage takalmin kafin ya sa, don tsakuwa ko ƙusa. Lokacin hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, ruwan zafi kuma ya gwada shi da gwiwar hannu tukuna. In ya zo alwala ya buɗe tsakanin yatsu ya duba da ido, in ganinsa ya raunana ya kira ɗa ko jika ya duba masa. Ƙaramin rauni da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, a kai shi asibiti a ranar.