Baƙin hunturu a bakin teku

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Abu uku na zo da su yau. Na farko shi ne wurin. A ƙasar Muritaniya, inda Sahara ta gangaro ta haɗu da tekun Atlantika, akwai gandun Banc d'Arguin. An keɓe shi a 1976, UNESCO kuma, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Lokacin da mu a Kano muke fama da hazo da kaushi, can tsuntsaye wajen miliyan 2 ke sauka, daga Turai, wasu tun daga Saibiriya. Wannan sanyin da ke hana mu wankan asuba, su ɗumi suka ɗauke shi!

Na kwana can, kusa da masunta Imragen, waɗanda jirginsu iska ke tura shi, don an hana mai inji. Da muka idar da sallar asuba, na juya wajen teku ina jiran rana. Ashe ta bayana za ta ɓullo, daga cikin yashi, domin gaɓar yamma take kallo.

Amma ku saurari wannan, don shi ya fi tsaya mini a rai. Mu nan ruwan da muka sani, Tiga ko Challawa, damina ke cika shi, rani ya rage shi. Teku kuwa sau biyu a kwana ɗaya take cika ta janye, kuma wata ne ke janta. Sau biyu fa, jama'a! In ta janye, sai ka ga fili na laka da ciyawar ruwa iya ganinka, cike da tsutsa da ƙananan ƙaguwa. To nan ne kasuwarsu. Tsuntsun nan bai damu da hantsi ko azahar ba, ruwa yake bi. Na ga wani ɗan ƙarami, bai wuce tafin hannuna ba, yana soka baki cikin laka kamar tela a kan keke. Da ruwa ya fara dawowa, garken ya tashi gaba ɗaya, rana ta haske cikinsu fari fat, suka juya suka koma baƙi. Wallahi sai da na yi tasbihi.

Na biyu... ko na uku muke? Akwai kwasakwasa da zalɓe, su ma birjik. Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ko shamuwa na cikinsu. A'a, Hajiya. Shamuwa 'yar Afirka ce, da damina take zo mana, da rani ta yi kudu. Amma tunda kin kawo mu gida, baƙin Turai suna sauka kusa da mu, a fadamun Haɗeja da Nguru: Baturiya a Jigawa, Dagona a Yobe. Malamai, ku kai ɗalibai a Disamba ko Janairu. Ku kwana kusa, ku isa bakin ruwa kafin gari ya waye, kowa da rigar sanyi, kuma a bar surutu a mota.