Rufe Tashar Kwal Ya Fi Gina Gonar Sola Wuya

Masu sauraro, assalamu alaikum. A watan Disambar 2023, ƙasashen duniya sun amince a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, COP28, da aka yi a Dubai, cewa za a soma janye jiki daga kwal da man fetur da iskar gas, a kuma ninka ƙarfin makamashi mai sabuntuwa, irin na rana da iska, sau uku kafin 2030. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar kabon da ke ɗumama duniya a sararin sama ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau.

Samar da wutar lantarki daga rana ba shi ne abin fargaba ba yanzu, domin farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekaru goman da suka biyo bayan 2010. Inda gizo ke saƙar shi ne babban layin da ke ɗaukar wutar.

Mu fara da lissafin da 'yan siyasa kan tsallake. Tashar kwal mai megawat 1,000 da ke aiki da kashi 60 na ƙarfinta tana ba da wuta sau uku na abin da gonar sola mai megawat 1,000 za ta bayar a shekara, saboda sola, da zarar an lissafa dare da gajimare, kashi 20 ko makamancin haka take samarwa. Ke nan kafin a maye gurbin tashar sai an kafa megawat 3,000 na sola, kuma duk wannan wutar tsakar rana za ta zubo, alhali buƙata ta fi yawa bayan faɗuwar rana. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɗanɗana wannan, ta kafa batura sama da megawat 10,000, yawancinsu masu ɗaukar sa'o'i huɗu, suna sha da rana, su saki da magariba. Sa'o'i huɗu sun isa dare ya raba, amma ba za su raba mutum da mako guda na hazo babu iska ba. Wannan sai madatsar da ake amfani da rarar wuta wajen tura ruwa sama, a sako shi ya ba da wuta in an buƙata, ko dogon layi zuwa yankin da yanayinsa ya bambanta, ko kuwa tashar gas da aka ajiye don ko-ta-kwana.

Matsala ta biyu ba a ganinta da ido, ita ce kuma ke jefa ƙasa cikin duhu. Wutar babban layi tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa a yawancin duniya, sau 60 a Amurka. Manyan janaretoci na kwal da gas da ruwa ƙarafa ne masu nauyin tan ɗaruruwa da ke juyawa daidai da wannan bugun. In wata tasha ta ɗauke ba zato, nauyin juyawarsu ne ke riƙe bugun na 'yan daƙiƙu har agaji ya iso. Farantin sola ba ya juyawa. Inbata ce ke haɗa shi da layi, kuma yawancin inbatocin da aka kafa bin bugun da suka tarar suke yi. In ya rikice, sai su cire kansu don kare kansu, rikicin ya ƙaru.

An ga haka a Kudancin Ostareliya a watan Satumbar 2016. Guguwa ta kayar da turakun manyan layuka, ƙarfin wutar (voltage) ya yi ta faɗuwa yana tashi, wasu gonakin injinan iska suka fice saboda yadda aka saita na'urorin kariyarsu, jihar baki ɗaya ta yi duhu. Injinan ba su lalace ba, saiti ne kawai. Aka gyara saitin, aka kafa babban batirin Hornsdale mai megawat 100 a 2017, daga baya aka ƙara manyan injina masu juyawa ba tare da ƙona mai ba, aikinsu kawai riƙe layi. Ɗaukewar wutar Sifen da Fotugal ta ranar 28 ga Afrilun 2025 ma, binciken hukuma ya danganta ta da hauhawar ƙarfin wuta da aka kasa shawo kansa. Masu cewa sola ce ta jawo sun yi gaggawa, masu cewa babu abin gyara su ma haka.

Sai wayoyin wuta. Gonar sola kan kammalu cikin shekara ɗaya ko biyu, babban layi kuwa yakan ci shekara goma, mafi yawansu a neman izini da sasantawa da masu filaye. Jamus na da iska a arewa, masana'antu a kudu, layin SuedLink mai kusan kilomita 700 da zai haɗa su ya makara da shekaru. A halin da ake ciki, akan tsayar da injinan iska a arewa a kunna wasu tashoshi a kudu, mai biyan kuɗin wuta ya ɗauki nauyin duka biyun.

Saboda haka jerin aikin yana da muhimmanci. A fara neman izinin layi da odar taransifoma, don su ne ke jan lokaci. A wajabta wa kowace sabuwar gona inbatar da za ta jure girgizar layi, ta kuma taimaka wajen daidaita ƙarfin wuta. A auna abin da tsohuwar tasha ke yi wa layi bayan samar da wuta, a tanadi madadinsa, sannan a kashe ta. Birtaniya ta sanar tun 2015 cewa za ta bar kwal, amma sai ranar 30 ga Satumbar 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, kuma har gobe tana kunna tashoshin gas a ranakun da iska ta kwanta.