Yadda ake gane agogon ƙaramin jirgi yana faɗin gaskiya

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Gombe. Akwai wani ɗan bututu da ke ƙarƙashin fiffiken ƙaramin jirgi, shi ake ce wa Pitot, iskar da jirgi ke tunkara ta nan take shiga. Sai wata 'yar ƙofa a jikin jirgin, sitatik, ita kuma nauyin iskar wurin take ɗauka. Agoguna uku ne ke dogara da su, na gudu da na tsayi da na hawa da sauka, kuma matuƙi in ya shiga hazo irin namu na hunturu ba ya ganin ƙasa, abin da agogo ya ce masa shi zai bi.

To mu nan babban abin tsoronmu zanzaro ne. A ajiye jirgi ba murfi a bakin bututun, ya zo ya yi gininsa na laka a ciki, daga waje kuwa lafiya lau za ka gani. A 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, masu bincike sun gano bututun a toshe yake kuma zanzaro suka fi zargi. Ina ga ɗan Cessna da ke kwana a fili cikin ƙura?

Gwaji mafi sauƙi, ka karɓi ma'aunin nauyin iska na QNH daga hasumiyar filin jirgi ka murɗa shi a agogon tsayi, ya kamata ya nuna tsayin filin jirgin sama da matakin teku, in bambancin ya wuce ƙafa 75 to akwai magana.

Sai gwajin yoyo. Za a haɗa na'ura a ƙofar sitatik a zuƙe iska har agogo ya nuna ƙafa 1,000 sama da inda kake, a rufe, a jira minti 1. Ya sauka fiye da ƙafa 100? To cikin tiyon da ke kai iska zuwa agogo akwai wanda ya tsage ko mahaɗar da ta saki, sai an nemo ta. Kuma don Allah a hankali ake zuƙa a hankali ake saki, ƙarfen da ke cikin agogon nan siriri ne sosai, shi yasa nake roƙon ƙannenmu masu koyon aiki kar wanda ya kuskura ya hura bututun da baki wai zai fitar da datti, a cire tiyon daga bayan agogo tukuna.

In an gama, duk salatif ɗin da aka liƙa a jikin jirgin lokacin gwajin a cire shi. Jirgin Aeroperú da ya faɗi a dai 1996 da mutum 70, salatif aka manta a kan ƙofofin sitatik bayan an goge jikinsa. Ka cire naka, ka kira wani ya sake zagayawa da idonsa kafin injiniya ya sa hannu a littafin jirgin.