Tafiya da ƙaramin yaro a jirgi, ya za ki yi da barcinsa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau maganar ta iyaye mata ce masu shirin hawa jirgi da yaro ɗan shekara 1 zuwa 3, ko Umra za ki ko sarin kaya ko kuma za ki bi maigida can inda yake aiki.

Toh abin da mutane da yawa basu gane ba, ba tsawon tafiyar ne ke rikita barcin yaro ba, bambancin agogo ne. Kinga daga Njamena zuwa Paris kusan awa 6 ne a sama amma lokacin sanyi agogonmu ɗaya da Faransa, lokacin zafinsu kuma awa 1 kacal suka fi mu, yaro zai gaji dai amma kwana ɗaya ya warware. Makka da Madina sun riga Garwa da Marwa na Kamaru da awa 2, Dubai awa 3, waɗannan duk da sauƙi. Inda ake shan wuya shine Guangzhou ta China, awa 7 cur. Ƙarfe 8 na dare a can ke kina ta lallaɓa shi ya kwanta, shi kuwa jikinsa yana gaya masa ƙarfe 1 na rana ne a gida, yanzu ma wasa ya fara, sai wajen 3 na dare barci ya ɗauke shi. Ba rigima yake ji ba wallahi, kar ki dake shi. Jikin mutum hasken rana yake bi da lokacin cin abinci, kuma kamar kwana 1 yake buƙata akan kowace awa ta bambanci, tafiyar gabas ma tafi ta yamma wahalar sabawa.

Cikin jirgi kar ki takura kanki da wani tsari. In akwai hali ki zaɓi jirgin dare, ki sa masa kayan barcinsa, ki ɗauko zanin goyon da ya saba jin ƙamshinsa. Lokacin tashi da sauka ki bashi nono ko biberon, haɗiyar ce ke buɗe masa kunne, yawancin ihun da kike ji lokacin sauka ciwon kunne ne. In kin sauka Addis Ababa ko Istanbul jiran wani jirgin, ki sake shi ya yi ta gudu kina binsa, kunyar me, gara ya gaji a ƙasa.

Sai maganar siro. Dan Allah kar wata ta ce miki ki sayi Phenergan a famasi ki ɗura masa ya yi shiru. An hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba wannan maganin saboda yana iya danne numfashi, wasu yaran ma maimakon barci sai su ƙara birkicewa, ga ki a sama babu asibiti.

Aikin gaske bayan an sauka ne. In gabas kika je, ki tashe shi da safe ko yana ƙunƙuni, ki fita dashi rana daga hantsi zuwa azahar, abinci a lokacin mutanen garin. Barcin rana ki barshi ya yi amma kar ya wuce awa 2, kar kuma ya kai la'asar. In yamma ce kamar Montreal ta Kanada da muke gabansu da awa 5 zuwa 6, tun azahar zai fara gyangyaɗi ya farka tsakar dare, nan sai ki ja shi da wasa a haske har magariba. In ya farka cikin dare kar ki kunna fitila mai ƙarfi, waya kuwa ko kusa, ɗan ruwa ko madara ki goya shi a duhu.

Kuma ki sani in kun dawo gida sai an sake wannan aikin, dan haka kar ki sa shi komawa makaranta washegarin sauka, ki bashi kwana 3 ko 4.