Amsoshin Tambayoyinku: Fetur mai lamba 91 ko mai lamba 95?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da ke gabana yau kusan duk a kan man fetur ne, shi ya sa na gayyato mana injiniyan motoci. Injiniya, sannu da zuwa.

Injiniya: Yawwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Mu fara da gajeruwa. Wani daga Maraɗi ya ce, shin launin fetur na nuna kyaunsa?

Injiniya: A'a. Rini ne ake ɗiga masa don a bambance. A Saudiyya mai lamba 91 kore ne, mai lamba 95 ja.

Mai gabatarwa: Madalla, ka ma kai mu inda za mu. Wani direba ya rubuto daga Jidda, ya ce Corolla yake tuƙawa, kullum 95 yake sha mata duk da ya fi tsada, don abokansa sun ce mota ta fi gudu da shi, injin kuma ya fi daɗewa. Wata baiwar Allah daga Kumasi ta yi irin wannan tambaya, haka ma wani ɗalibi a Amurka. Injiniya, akwai riba ko asara ce?

Injiniya: To, lambar nan da ake kira oktan ba ƙarfin mai take aunawa ba. Haƙurinsa take aunawa. A cikin inji fistin na matse iska da fetur wuri guda, sannan fulogi ya ba da wuta. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, sai wani sashe ya kama da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Shi ne za ka ji ƙarar ƙarfe ƙyal-ƙyal, musamman a hawan tudu ko an yi lodi. In abin ya daɗe yana iya cinye fistin. Mai lamba 95 ya fi 91 jure matsi. Ka san wannan matsala ta daɗe, tun 1921 wani Ba'amurke, Thomas Midgley, a kamfanin General Motors ya gano cewa sinadarin dalma na kashe ƙarar. Aka yi ta zuba ta a fetur shekara da shekaru, hayaƙin na shiga jinin yara yana taɓa musu ƙwaƙwalwa. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma, a 2021. Ni ina ɗalibi ma...

Mai gabatarwa: Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma direbanmu na tsaye a gidan mai yana jira. Ya sha ja ko kore?

Injiniya: Ya sha kore. Corolla ta yau da kullum an ƙera injinta ne don 91. Haƙurin da 95 ke da shi na ƙari, injin bai taɓa neman sa ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016 da motocin da aka yi don mai na gama-gari. Ba ta ga ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai na a zo a gani ba, kuma ta ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun zubar da dala biliyan 2.1 a shekara guda wajen sayen mai mai babbar lamba da motocinsu ba sa buƙata.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Lamba babba ba ta nufin gudu. In an yi motarka don 91, ka zuba mata 95, motar ba ta ƙaru da komai ba, aljihunka ne ya ragu. Malam direba, in kuɗin maigida ne, amana ce a hannunka. In naka ne, iyali na gida sun fi tankin nan buƙata.

Injiniya: Amma a yi hattara, akwai motocin da dole sai 95 ko ma 98. Yawancin Marsandi da BMW, da wasu masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, injinsu na matsewa sosai. In ka ba su ƙaramar lamba, akwai na'urar da ke sauraron ƙarar, sai kwamfutar mota ta jinkirta wutar fulogi don ta kare injin. Motar za ta tafi, amma da sanyin jiki, tana shan mai fiye da kima. Tsohuwar mota marar wannan na'ura kuwa, injin ne zai ɗauki dukan.

Mai gabatarwa: To ta yaya mutum zai san tasa?

Injiniya: Ya buɗe murfin tanki, sau da yawa lambar na rubuce a ciki. In babu, ya duba littafin motar. Abu ɗaya ke rikita mutane: Amurka lissafinta daban. 87 ɗinsu daidai yake da kusan 91 na Saudiyya ko Ghana, 91 zuwa 93 ɗinsu kuma ya kama tsakanin 95 da 98. Wanda ya sayi mota da aka shigo da ita daga Amurka ya ga 87 a littafi, kada ya ce man nan ya fi ƙarfinta.

Mai gabatarwa: Ni abin da ke damuna, mutum ya kashe miliyoyi a kan mota, littafinta na akwatin gaba ko buɗewa bai taɓa yi ba, amma zancen majalisa ya riƙe shi gam. Haba jama'a! Wani daga Kano ya ce shi bai taɓa ganin zaɓi a gidan mai ba.

Injiniya: Gaskiya ya faɗa, a Najeriya galibi famfo ɗaya ne, mai iri ɗaya. Damuwarsa ita ce tsabtar man. Mun ga abin da ya faru a Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima, motoci suka yi ta mutuwa a hanya. Ya riƙe gidan mai da ya amince da shi, ya rage sayen na galan a bakin titi, don bai san me aka gauraya ba.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. Wata daga Yamai ta ce, in aka haɗa 91 da 95 a tanki ɗaya, injin zai lalace?

Injiniya: Ko kaɗan. Za su gauraya, lambar ta tsaya a tsakani.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Masu tambaya kan baƙin mai, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.